Tamfol, rumfar leda ko ɗakin ƙarfe: wanne zai fisshe ka a kan tarakta lokacin sanyi?

Wani ƙanina da ya sayi ɗan fili a kudancin jihar Minnesota ta Amurka, haɗe da tsohuwar tarakta marar rufi, ya kira ni cikin watan Oktoba yana ta lissafi, wai ya ga tamfol ɗin da ake ɗaura wa tarakta na 'yan ɗaruruwan daloli, ya kuma ga ɗakin ƙarfe mai gilas wanda kuɗinsa ya kusa kamo kuɗin taraktar kanta, shi dai ya rasa na kamawa. Na ce masa ƙanina ajiye maganar kuɗi tukun, gaya min wane aiki za ka yi da ita a watan Janairu, sannan ina fuskarka za ta riƙa kallo lokacin aikin, gaba ko baya? Ya yi dariya ya ɗauka zolaya ce. Wallahi ba zolaya ba ce, kusan duk amsar tana nan.

Ni hunturuna na bakwai kenan ina aiki a gonar shanu a wannan yankin, kuma duk kalolin nan babu wanda ban zauna a ciki ba. Wanda yake gida zai ji kamar ƙari nake yi, don a Kano in ma'auni ya sauko digiri 12 an fara hura wuta a bakin titi ana cewa bana sanyi ya yi yawa. Nan kuwa digiri 20 ƙasa da sifili a Janairu ba labari ba ne, a garin Tower da ke arewacin jihar an taɓa auna 51 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1996 (duka da ma'aunin Salshiyos nake magana). Kuma ba sanyin ne kaɗai ke kashe mutum ba, jaura ce. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka haɗu suka kai kamar 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. To direban tarakta a sama yake zaune, ba motsi yake ba, ƙarfe a ƙarƙashinsa ƙarfe a hannunsa, fili fetal babu ko bishiyar da za ta tare masa iska.

Abin da nake aunawa kafin in ce wannan ya fi wancan

Na farko awa nawa kake yi a zaune a jere, kuma sau nawa kake sauka. Mai kai wa shanu dammunan ciyawa yana sauka ya buɗe ƙyaure ya hau, ya sauka ya yanke igiya ya hau, wani lokacin sau goma sha a safiya ɗaya, shi ƙofa mai zif azaba ce gare shi. Mai share dusar ƙanƙara kuwa yana iya yin awa biyu bai taka ƙasa ba.

Na biyu shi ne wanda na tambayi ƙanina, gaba kake tafiya ko da baya. Na uku, ɗumin daga ina zai zo, don tare iska daban samar da zafi daban, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Sai kuɗi, ƙarko, sauƙin ɗaurawa da cirewa, yadda za ka riƙa ganin hanya, da haɗari. Haɗarin nan iri biyu ne, hayaƙi da kifewa, zan dawo kansu.

Zaɓi na ɗaya: ba komai, kaya kawai

Wannan ba sai na ja ba. Riga kan riga, ta ulu a ciki ba ta auduga ba don auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa, obarol mai kauri, takalmi mai soso, safar hannu irin wadda yatsu huɗu ke haɗe wuri ɗaya, hular da ke rufe fuska, da tabarau na masu wasan ƙanƙara. Yanzu ma akwai riguna da safar hannu masu batir. Kuɗi kaɗan ne kuma dama dole ka saye su ko da kana da ɗakin ƙarfe, don in tarakta ta mutu a tsakiyar gona da ƙafa za ka dawo. Gani tar, babu hayaƙi, babu abin ɗaurawa. Amma iyakarsa kamar rabin awa zuwa minti 45 a ranar da iska ke kaɗawa, bayan nan yatsun ƙafa ne ke fara yin shiru, kuma ƙafar da ba ta ji ba abin taka birki da kuloc ba ce.

Zaɓi na biyu: rabin tamfol, wanda kowa ke ce wa Heat Houser

Heat Houser sunan kaya ne na kamfanin Burch da ke Fort Dodge a jihar Iowa, amma ya zama kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo, ko na Femco ne daga Kansas ko na wani daban, manomi Heat Houser zai ce maka. Siffarsa: tamfol mai kauri a gefe biyu na injin, ya taho baya ya kewaye sitiyari da ƙafafun direba har wajen ƙugu ko ƙirji, sai ɗan gilas na roba a gaba kan siririn ƙarfe. Sama a buɗe, baya a buɗe.

Dabarar tana da daɗi in ka gane ta. Fankar tarakta tana zuƙo iska ta gaba ta cikin lagireto ta hura ta baya ta kan injin, a ranar da babu tamfol wannan iska mai zafi watsewa take yi ta gefe a banza. Tamfol ɗin sai ya zama kamar bututu, ya tattaro ta ya kawo maka kan gwiwa. Wato ba shi da zafin kansa ko kaɗan, aron na injin yake yi, kuma duk alherinsa da duk sharrinsa daga nan suka fito.

In injin yana jan kaya mai nauyi, misali kana jan tirelar taki zuwa gona ko kana tura dusar ƙanƙara da shebur ɗin gaba kana fuskantar iska, malam za ka sha mamaki, na sha cire safar hannu in zuge zif ɗin riga a ranar da numfashi ke daskarewa a gemu. Amma ka bar injin yana silo kana jiran a buɗe maka ƙyaure, minti kaɗan ɗumin ya gudu. Tsofaffin masu shan fetur irin Farmall M ko Ford 8N, wadda aka yi daga 1947 zuwa 1952, sun fi ba da zafi, su dama ɓarnar zafi suke yi. Mai shan dizal in ba ta wahala ba ta ɗumama sosai, a rana mai tsananin sanyi ma allurar zafi da ƙyar take ɗagawa. Sannan ka duba ina fankarka ke hurawa kafin ka biya kuɗi, akwai ƙananan taraktoci na zamani da lagiretonsu ke kusa da direba, suna zuƙar iska daga wajen ƙafarka su hura ta gaba, irin waɗannan in ka ɗaura masu tamfol ba abin da zai zo maka, kwalliya kawai ka yi.

Sai ka juya, iska ta koma bayanka. Nan ne gizo ke saƙa. Duk ɗumin sai ta kwashe shi ta mayar gaba, ƙeyarka da bayanka su zama ƙanƙara gwiwarka na gumi. Mafi muni shi ne mai injin feso da dusar ƙanƙara irin na baya, wanda dole da ribas ake aiki da shi, ka murɗe wuya kana kallon baya, ɓangaren da babu tamfol kenan, garin ƙanƙarar da ka feso iska ta dawo maka da shi a fuska. Ga wannan aikin rabin tamfol da babu duk ɗaya ne.

Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli sabo, na hannu kuma a gwanjon gona ana samu da arha sosai, sai dai ka tabbata na samfurin taraktarka ne don wanda ake cewa yana shiga kowace tarakta gaskiya ba ya zama daram a kan ko ɗaya. Ɗaurawar farko za ta ci maka yamma guda da sifana, bayan nan minti 20 ya isa. In akwai shebur a gaba, ƙarafunansa kan tare inda tamfol zai bi, sai an yanka an gyara.

Ƙarko ya danganta da ajiya. Tamfol ɗin kansa yana shekaru, abin da ke fara mutuwa gilas ɗin roba ne, ya yi rawaya, ya karce in ka goge shi da busasshen hannun riga, in kuma ka ninke shi cikin sanyi ya tsage kamar ƙanzo. Naɗe shi ake yi kamar tabarma, kuma a wuri mai ɗumi. Kar ka ajiye shi da danshi zai yi fumfuna, kar ka jefar da shi a kusurwar rumbu ɓeraye za su yi gado da shi, mu an yi mana haka shekara ɗaya, muka ɗauko a Nuwamba kamar rariya. Da bazara ta shigo kuma a cire shi, in ba haka ba injin zai tafasa.

Haɗarinsa babba hayaƙi ne. Duk abin da ke yoyo a jikin injin kai zai kawo wa, ƙaurin baƙin mai, warin dizal, har maiɗakina ta kafa doka kayan aikina ba sa wuce gareji. Wari dai da sauƙi, matsalar ita ce in gasket ɗin hayaƙi ya ci ko salansa ta huje a cikin tamfol, to iskar kabon monoksaid ce za ta zo maka kai tsaye, ita kuma ba wari ba launi, ita ce dai wadda ke kashe masu kwana da janareto ko kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Ciwon kai, jiri, barci haka kawai, in ka ji su kashe injin ka sauka. Kuma kar tamfol ya taɓa salansa, ka riƙa leƙawa ciki kana share ƙaiƙayi da guntun ciyawa da ke taruwa, gobara daga nan take tashi.

Zaɓi na uku: cikakkiyar rumfa ta tamfol da leda

Wannan firam ne na bututun ƙarfe, da rufi, da bango na tamfol ko roba mai tagogin leda ko'ina, da ƙofa mai zif ko mai hinji, kamar keke napep da aka sauke wa labule ranar ruwa. Masu ɗan tsada gilas ɗin gabansu na gaske ne har da waifa, kuma in za ka saya ka daure ka sayi mai waifar.

Tana tare iska ta ko'ina, wanda shi ne rabin yaƙin, mai aikin ribas nan ya samu sauƙi. Amma ita ma ba ta da zafi sai ka kawo mata. A ranar da rana ta fito tana ɗumi da kanta, da asuba kuwa firij ce marar iska. Hita mai amfani ita ce wadda ake jona wa tiyon ruwan injin, ruwan da ke kai wajen digiri 80 in injin ya ɗau zafi. 'Yar hitar nan ta lantarki da ake maƙalawa a batir kar ka ɓata kuɗinka, yi lissafi da kanka, wat 300 a kan bolt 12 amfiya 25 kenan, tsohuwar tarakta cajinta zai sha wuya, kuma zafin da za ka samu bai wuce na share hazon gilas ba. Ita Ford 8N ma asalinta bolt 6 ce. Wasu suna sa ƙaramar hita mai shan dizal irin ta manyan motoci, tana aiki in an fitar da hayaƙinta waje yadda ya kamata. Hitar gas mai harshen wuta a cikin rumfar leda kuwa, don Allah a'a.

Inda take gajiyar da mutum gani ne. Numfashinka yana hazo a jikin leda, hazon ya daskare, kai kuma ba za ka kankare ba don za ta karce, da daddare fitila ta haska sai ka ga komai dishi-dishi. Zif yana daskarewa, ka ja da safar hannu ya tsinke. Rassan bishiya suna yagarta, in ka ɗora taraktar a tirela ka hau babban titi ba ka cire bangon ba iska za ta gama da shi. Ga ƙara, tana tara ƙarar injin kamar kana cikin ganga, abin toshe kunne dole ne. Kuɗinta daga ɗaruruwa masu yawa zuwa sama da dubu, gwargwadon girma da irin gilas, ledojin kuma ka sa a ranka za ka sake su kafin firam ɗin ya tsufa. Haɗarin hayaƙi a nan ya fi na rabin tamfol don a rufe kake, musamman in salansarka ta ƙasa take bi ta fita ta baya, ka rataya ƙaramar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, ba ta da tsada.

Abu ɗaya da nake so ya zauna: rumfa ba ƙarfen kariya ba ce. Kifewar tarakta ita ce kan gaba wajen kashe manoma a Amurka, shi ya sa aka fito da ƙarfen nan mai kamar baka da ke bayan kujera, wanda ake kira ROPS. Suwidin ta wajabta shi tun 1959, John Deere ta fito da nata a 1966, dokar ma'aikata ta Amurka kuma ta wajabta shi a kan taraktocin da aka ƙera bayan Oktoban 1976 in ɗan aiki ne zai tuƙa. Firam ɗin rumfa in tarakta ta kife lanƙwashewa zai yi kamar kara, ya ma hana ka fita. In akwai ROPS sai ka nemi rumfar da ke maƙalewa a jikinsa da maɗauri, kar ka huda shi kar ka kai wa mai walda, kuma ka ɗaura bel. In babu, fara sayen sa kafin rumfar.

Zaɓi na huɗu: ɗakin ƙarfe da gilas

Iri biyu ne, wanda ake ɗorawa daga baya irin na kamfanin Curtis ko Sims, da wanda taraktar ta fito da shi daga kamfani. Abin dariya tun 1938 kamfanin Minneapolis-Moline ya fito da tarakta samfurin UDLX mai ɗaki da hita har da rediyo, manoma suka ƙi saye don tsada, ba a yi fiye da kamar 150 ba. Sai da John Deere ta kawo nata ɗakin mai suna Sound-Gard a 1972 sannan ɗaki mai shiru ya zama abin da kowa ke nema.

Na ɗorawa dubban daloli ne, yana buƙatar mutum biyu da yini guda ko fiye, kuma in ya hau ya hau kenan, sai dai ka cire ƙofofi da rani, yawancinsu kuma babu esi, a watan Yuli tanda ne. Na kamfani shi ne sarki, hita, esi, shiru, babu ƙura, ƙarfen kariya a gine a jikinsa, kuma yana riƙe daraja ranar sayarwa, amma ba a cika ƙara shi daga baya ba, taraktar za ka canja gaba ɗaya, kuma bambancin kuɗin dubbai ne masu kauri. Kafin ka yi zumuɗi ɗauki tef ka auna ƙofar garejinka, da yawa ƙafa 7 ne tsayinsu, na san wanda ya kawo sabuwar tarakta mai ɗaki ta kwana waje hunturu guda. Gilas yana fashewa a cikin itatuwa kuma canjinsa da tsada, nauyin da ke sama kuma yana ƙara mata saurin karkata a gangare.

| | Kaya kawai | Rabin tamfol | Cikakkiyar rumfa | Ɗakin ƙarfe |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | kaɗan | 'yan ɗaruruwa | ɗaruruwa zuwa sama da dubu | dubbai |
| Ɗumi | na jikinka | sosai, in injin na wahala | sai da hita | sosai, da hita |
| Aikin ribas | wuya | ba amfani | yana yi | ya fi kowa |
| Hawa da sauka | sauƙi | sauƙi | zif na cin rai | matsakaici |
| Gani | tar | mai kyau | hazo da karce | mai kyau |
| Ƙarko | shekaru | tamfol na jimawa, roba a'a | leda da zif ke fara mutuwa | kusan rayuwar taraktar |
| Cirewa da rani | babu | minti kaɗan | awa ɗaya ko biyu | ba ya fita |
| Haɗari | daskarewa | hayaƙi, gobara | hayaƙi, rashin gani | nauyi a sama |

To wa zai ɗauki wanne

In aikinka bai wuce rabin awa ba, ka share gaban gida ka koma ka sha shayi, sayi kaya masu kyau shikenan, ragowar kuɗin ka sa hitar da ake jona wa injin da daddare don ya tashi da safe, da man dizal na hunturu wanda ba ya kamewa, don ɗakin miliyan ma ba ya amfani in tarakta ta ƙi tashi.

In tsohuwar tarakta gare ka, mai fanka mai hurawa baya, kana ciyar da shanu, kana jan taki ko itace, gaba kake tafiya kana yawan sauka, rabin tamfol naka ne, kuma a irin wannan aikin ni na fi son sa a kan rumfa ko da kuɗinsu ɗaya ne. Ka dai sa bakanike ya duba salansa da gasket tukun.

In injin feso na baya kake ja, ko ƙaramar tarakta ce ta zamani mai dizal, ko filinka iska ba ta da alƙibla, cikakkiyar rumfa mai gilas na gaske a gaba, da hitar ruwan injin, da na'urar hayaƙi.

In kuwa da taraktar kake cin abinci, kana share wa mutane hanya tun ƙarfe huɗu na asuba awa biyar shida, ko shekaru sun ja, ko kana da ciwon suga ko na zuciya wanda sanyi ke tsananta wa, kar ka tsaya raba ɗaya biyu, nemi mai ɗakin kamfani ko da ta hannu ce.

Masu karantawa daga gida da ke tuƙa Massey Ferguson a Jos ko Mambila da asubar hunturu, rabin tamfol ba naku ba ne, kafin hantsi injin zai tafasa, ku rumfar sama da takunkumin ƙura da rigar sanyi sun wadatar.

Shi ƙanina da ya gama lissafa min aikinsa, ashe injin feso na baya ya sayo tare da taraktar, kuma babu ROPS a kanta. Na ce masa bana ƙarfen kariya da tabarau, rumfa sai baɗi in Allah ya kai mu.